Ƙwaya a Cikin Hura

Mantawa ya yi, ko ya ji ya yi shiru don kada in ga laifin hannuna? Har yau ban sani ba, wanda zan tambaya kuwa yana ƙasa.

Da damina ne hauya ta sare maigidana a ƙwauri, a gonarmu ta Tajaye. Ciwon ya yi ruwa. Majo, wato babban mai jinya na likitar Illela, ya wanke, ya ba shi ƙwayoyi, safe da maraice. To, mutumin nan, tun da na san shi, ƙwaya ba ta wuce masa maƙogwaro da ruwa. Sai na yi dabara. Nakan dama hura da kauri, nono ya ji, in tura ƙwayar cikin ludayi, ya kurɓe. Ina jin daɗin kaina.

Ƙafa ba ta saɓe ba. Har aka fara zancen kai shi asibitin Konni, da cewa wataƙila a yanke.

Akwai Bafillatanar da ke kawo mana nono tun ina goyon fari. Ran nan ta sauke ƙwaryarta, ta ga abin da nake yi.

"Ƙawa, me kike binnewa a nonona?"

"Maganin angonki," na ce, don haka suke wasa da shi.

Ba ta yi dariya ba. Ta ce an taɓa ba mijinta irinsa a Malbaza, aka ce kada ya haɗa shi da nono, nono na riƙe shi a ciki ya hana shi aiki. "Ba kowane magani ba. Je ki tambaya. Yau dai ba zan sayar miki ba."

Na ƙulle kwalin maganin a bakin zane, na hau amalanke sai Illela. Majo ya ce gaskiyarta. A sha da ruwa, hura kuma ta jira, kamar tsakanin azahar da la'asar. Ya ce ai ya faɗa wa mai ciwon tun ranar farko.

Da na dawo na tsare maigidan, sai ya dubi rufin ɗaki ya ce, "Hurar ce da daɗi."

Ya koyi haɗiya da ruwa, yana ɓata fuska. Ƙafar ta warke. Damina bakwai ya ƙara yi yana taka ta zuwa gona, ya ga auren autarmu. Ba na sallame salla ban sa matar nan a addu'a ba, har da majo.

Bara ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Ke mai rubutu, ki bar ni in share ido, sannan ki rubuta wannan. Ranar da zai tafi, da azahar, na kawo magani, na ajiye ƙwaryar hura a gefe. Bai kai la'asar ba. Ya karɓi moɗar ruwa ya sha, ya dubi ƙwaryar, ya ce:

"Rufe mini ita, tsohuwa. Lokacinta bai yi ba."