Baƙuwar da Dotoresa ta tono

Shekarar da Kaka ta zo Greensboro ta Amurka neman magani, muna zaune ne a wani gidan haya bayan titin Wendover. Akwai murhu a bangon falon, amma ba mu taɓa kunna shi ba sai da ta zo. Ta ce ita ba za ta ji ɗumin da ba ta ga wutarsa ba. To, bayan isha'i sai Baba ya jera itace ya kunna, ya koma teburin cin abinci da takardun ɗalibansa, ya ba mu baya. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kama sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye. In tana son ruwa, mu take aika wa "wancan mutumin", alhali ga shi nan tana ganinsa.

Tatsuniyoyinta da yawa, amma akwai guda da ta fi maimaitawa tun da likita ya fara rage murya in yana magana da Baba.

"Ga ta nan," in ji ta, "amma wannan da idona na gan ta. Maigidana, matso." Haka take tsokanar ƙanena Sadik, shi kuwa ya amsa da Turanci, ya cusa kai cikin mayafinta.

Tana amarya, Kakanmu ya tafi da ita Libiya. Can bakin teku, kusa da Tarabulus, ya samu aikin haƙa wurin wata Baturiyar Italiya mai binciken kufan Rumawa, ita kuma Kaka tana dafa wa ma'aikata. Dotoresa suke ce wa matar. Tun tana budurwa ta fara zuwa, har furfura ta fito mata. Lokacin zafi tana koyarwa a jami'ar ƙasarsu, sanyi na shigowa sai ga ta da hula da ɗan buroshi. Ba ta da miji, ba ta da ɗa, ba ta tsoron kowa.

Wata rana suka tono kabarin wata yarinya. Daga saman ƙasa har daidai bakinta akwai bututun yumɓu. Dotoresa ta ce ta nan dangi suke zuba wa mamacinsu madara da zuma. Ta karanta rubutun dutsen, ta ce yarinyar baƙuwa ce, daga hayin teku aka kawo ta, ta mutu a nan.

"Danginta sun koma gida," Kaka ta ce, tana ɗaga murya fiye da yadda ɗakin yake bukata. "Bututun ya cika da yashi. Ba mai zuwa, ba mai cewa a bar ta."

Dotoresa ta share ƙasusuwan ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ba wulaƙanci. Ta rubuta wa kowanne lamba. Kai ya shiga akwati daban, sauran jiki daban, mota ta kwashe su. Daga ranar, da magariba ta yi sai a ji bututun yana zuƙar iska, kamar mai ƙishi yana jan ruwa a ƙoƙon da babu komai. Kaka ta ce har girkinta ya ƙi daɗi saboda tsoro.

Wallahi ni a nan nake ƙamewa. Iska na shiga ta saman murhunmu, ni kuwa in rantse yarinyar kabarin ce. Na daina zuwa banɗaki ni kaɗai, na daina shan madara da safe. Mama ta yi faɗa, ta ce ana tsorata mata yara. Kaka ko kallonta ba ta yi ba.

Ƙarshen labarin ba ya canzawa. Da ciwo ya kama Dotoresa, ta bar ramin da take haƙa a buɗe, ta hau jirgin ruwa, ta ce a kai ta ƙauyensu a binne ta kusa da uwarta. "Ita fa ta san abin da ake yi wa baƙo a ƙarƙashin ƙasa," Kaka ta ce, tana kallon wuta. Wani dare na waiga, na ga alƙalamin Baba a tsaye, bai rubuta komai ba.

Bai jira an gama maganin ba, ya sayi tikitin mai da ita gida. Mama ta yi kuka, likita ya yi gargaɗi, ni ma na yi fushi da shi ƙwarai, domin Kaka ta rasu a gida Zinder kafin damina ta faɗi, kuma na ɗauka shi ya jawo.

Sai da na girma na gane ba mu ake ba labarin ba. Muna tsoron yarinyar cikin kabari, ita Kaka tana tsoron zama ita, kuma kunya ta hana ta faɗa wa mutum ɗaya tilo da zai iya mai da ita gida. Yanzu in na tuna ta, ranar filin jirgi nake gani. Baba yana riƙe da kekenta na marasa lafiya, hannunsa dab da kafaɗarta. Ta kamo ni ta ce, "Ki faɗa wa wancan mutumin, na yafe masa duniya da lahira." Na ɗaga kai zan isar da saƙo, na tarar hawaye ya riga ya wanke masa fuska.