Katafilar da Na Auna da Mangala

Jikana ya nuna min katafilar haƙar ma'adinai a waya, tayarta ta fi ɗaki tsawo. Sai na tuna garin Kademi a shekarun saba'in, ina dakon burji da jakuna uku.

Ranar da aka kawo katafila mai lodin tifa ramin da muke ɗiba, na tambayi direban, "Maigida, kwasarta ɗaya mangalar jaki nawa ce?"

Ya yi dariya, ya juye min guda a gefe. "Auna da kanka."

Na fara da hantsi. Har aka kira la'asar ban ci rabin tulin ba. Na kalli jakunan nan, suka kalle ni.

Damina na faɗuwa na koma noman gyaɗa.

Cikinku wa ya taɓa auna ƙarshen sana'arsa da hannunsa?