Akushin Baba a Zaure

Har yau in na ji ƙamshin tuwon jar dawa, sai in tuna zaurenmu na Birni a shekarun fari, lokacin da hatsin taimako ne abincin kowa. Bayan magariba mazan layinmu kan haɗu a nan, kowa da akushin gidansa, a jera a ci tare.

Babana baduku ne. Basilla ce ta fara suɓuce masa yana ɗinki. Sannan naman gindin babban yatsansa ya lotsa, yana motsi shi kaɗai a ƙarƙashin fata. Da damina ta sake wucewa babu ruwa, ya zama ba ya iya dunƙule loma. Kafin ya kai ɗaya baki, sauran sun yi nisa.

Kada ka ce ba su lura ba. In na dawo daga lakwal, wato makarantar boko, nakan zauna a bakin ƙofa, ina ganin idanunsu. Ƙanen Baba yakan ce, "Yaya, sa hannu mana, kunyar wa kake ji?" Yana faɗa yana juya akushin, gefen da miya ta taru ya koma gabansa, ba gaban Baba ba.

Ciwon ya ci hannu, ya sauka ƙafa, ya nauyaya harshe, amma bai taɓa hankalin Baba ba. Duk abin da suke yi yana gani. Inna ta roƙe shi ya riƙa ci a cikin gida, ta ba shi a baki. Ya ƙi. Da ƙyar kalmomin suka fito: "Za a ce na yi rowa a shekarar yunwa."

Ranar da tuwo ya shaƙe shi a gabansu, har yawu ya zubo masa a riga, sai tausayi ya zo musu. Suka aiko wa Inna cewa ya huta a ɗaki, zaman zaure na wahalar da shi. Akushin kuwa a ci gaba da kawowa, kada zumunci ya yanke. Baba ya ɗaga ido ya nuna a kai musu. Aka yi ta kaiwa har ranar da ya rasu, lokacin ko kunu ba ya iya haɗiyewa.

Yanzu kowa da farantinsa a ɗakinsa. Ƙanen Baba yana nan da rai, kullum yana kukan an daina ciyayya, mutanen kirki sun ƙare. Nakan durƙusa in gaishe shi yadda aka koya mini. Ko da salla ba na sa hannu a kwanonsa.