Ranar da na daka wa surukina tsawa a teku

Shekarun baya, lokacin ina aiki a wani sito a Madinar Masana'antu ta Jidda, son teku ya kama ni. Abokina ne ya ja ni. Kafilinsa, wato ubangidan da yake aiki a ƙarƙashinsa, yana da wani ƙaramin lanci a gaɓar Ubhur, jirgin ruwa mai inji ɗaya da ɗan ɗakin gilashi a tsakiya, abokina kuma shi ke kula da shi. Duk Juma'ar da ba ni da aiki sai in bi shi, in wanke nan in ɗaure can, har hannuna ya faɗa, na yi takardar tuƙi, kafilin ya yarda in riƙa fita da jirgin idan babu baƙi. Daga nan kaina ya fara rawa, ina jin ba wanda ya kai ni sanin ruwa.

A shekarar ne surukata ta rasu. Surukina ya koma ya zauna a gidansa na unguwar Mahjar, daga ɗaki sai masallaci, magana ma sai ta kama dole. Matata ta damu ƙwarai. Wata rana ta ce da ni, "Ka kai Baba ya sha iskar bahar mana, ko Allah zai sa zuciyarsa ta sake."

Sai na ɗan yi muku bayani a nan. Mu da iyayenmu suka zo daga Sudan mun riƙe kunyar surukai gam. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba. In na je gaisuwa, tun daga ƙofa nake tuɓe takalmi, in durƙusa, in gaishe shi kaina a ƙasa, ya ce "madalla", shi ke nan an gama hira. Duk wata magana da ta wuce wannan ta bakin matata take bi, ko da muna zaune ɗaki ɗaya. An taɓa gaya mini ya ce wa wani, "Yaron nan akwai kunya." Ni ba mai dukiya ba ne, ba kuma malami ba, wannan shaidar ita ce duk abin da na mallaka a wurinsa, kuma ina ji da ita.

Ranar da za mu fita ruɗuba ta sauka, irin laimar nan ta Jidda da mutum zai fito daga wanka ya rasa ko ya goge jiki ko bai goge ba. Abokina ya kira ya ce kafili ya aike shi unguwar Bagdadiyya, ba zai samu zuwa ba. "Ai ka iya, yalla. Amma kada ka ƙure mukayyif, ka bar taga ɗaya a buɗe." Na ce to. A raina kuwa na ce, surukina guda zai hau jirgin da nake tuƙawa in bar shi yana zufa? Tun kafin su iso na rufe ko'ina ruf, na ƙure mukayyif ɗin, wato na'urar sanyi, ɗakin ya koma kamar cikin firji.

Garin neman gira aka rasa ido. Ba mu yi nisa da fita ba gilashin gaba ya yi fari fat daga waje, saboda iskar teku mai ɗumi tana bugun gilashi mai sanyi. Abin share gilashin kuma ya daɗe da mutuwa. Duk sanda matata ta buɗe ƙofa iskar ta shigo, sai rufin ɗakin da ƙarafan tagogi su kama zufa. Can sai ɗiga ta fara, ɗis, ɗis, kuma ba ta zaɓi ko'ina ba sai daidai inda na shimfiɗa wa surukina. Ina kallo ta wutsiyar ido farar rigarsa tana jiƙewa a kafaɗa. Bai motsa ba, don kada ya kunyata ni. Ni ma ban ce ya matsa ba, don ba a ce wa suruki ya matsa.

Na raɗa wa matata, "Ki gaya wa Baba ko zai koma wancan gefen." Ta buɗe baki ke nan sai ta toshe shi da mayafi. Hajijiyar ruwa ta kama ta. Ta rarrafa ta sauka ɗan gadon da ke ƙasa ta kwanta, tana cewa, "Halas, ni kam na mutu, kada wanda ya ƙara yi mini magana." Tafintarmu ta tafi, aka bar mu mu biyu, kowa yana kallon gabansa.

Haka na ci gaba da tuƙi, kaina a waje ta tagar gefe, tabarau na yin hazo ina gogewa da gefen riga. Da la'asar ta yi sai na ga ya miƙe, ya taɓa shimfiɗar ƙasa ya ji ta jiƙe jagab. Ya ɗauki dardumarsa ya fita, ya bi ta gefe ya hau can gaban jirgin inda yake a bushe, ya daidaita gabas, ya ta da kabbara. Gaban nan ɗan ƙarfen da ya kewaye shi ko gwiwa bai kai ba.

Don kada jirgi ya girgiza shi, sai na rage wuta na cire giya. Wanda bai san ruwa ba zai ga kamar na yi daidai. Amma lanci ba mota ba ne. Ba shi da birki, kuma in farfela ba ta juyawa sitiyari ba ya jin magana, ko ka murɗa shi har ƙarshe. Iskar arewa da ke tasowa da yamma ta sami dogon ɗakin nan ta juya mu, ta fara tura mu a kaikaice. Surukina kuma mutum ne mai jiki, nauyinsa ya danne gaban jirgin, bayan ya ɗaga. Da na leƙa sai na ga ruwan gefenmu ya bar shuɗi ya koma kore, can gaba kaɗan kuma ya yi ja-ja. Duwatsun murjani ne, waɗanda ke farke cikin jirgi.

In na ba inji wuta, jirgin zai zabura, mutumin da ke tsaye a gaba ya faɗa ruwa. In na bari, mu hau dutse, ga matata kwance a ƙasa. Na yi gyaran murya. Na ce "Subhanallah" a hankali, na sake faɗa da ɗan ƙarfi. Iska ta kwashe. Na lissafa ko zai kai sallama kafin mu isa, na ga ko raka'a ta biyu bai gama ba.

Ban san lokacin da muryar ta fito ba. "Baba! Zauna! Zauna na ce, ka riƙe ƙarfen nan!"

Ya waiwayo. A ranar na fara ganin ƙwayar idonsa sosai. Ya zauna daɓas, ya damƙi ƙarfe. Na saka giya na ba shi wuta, jirgin ya karkata, muka ji wani ɗan ƙuuu a ƙasa, sannan muka fita ruwa mai zurfi. Da yake bakin ya riga ya buɗe, sai ya ƙi rufuwa. "Taso ka dawo baya, a rarrafe! Ga tsumma, goge gilashin nan. Ba nan ba, ta waje! Kashe mukayyif, buɗe tagogin duka." Duk abin da na ce ya yi, dattijo mai furfura yana ta goge gilashi har hazon ya washe da kansa.

Sai da muka ɗaure jirgi a tasha hankalina ya dawo, na tuna wanda na yi wa ihu, kuma a tsakiyar sallarsa. Kunya ta rufe ni, na ji da ma ƙasa ta tsage. Ya sauka ya sake sallarsa a kan dakali. Daga nan na mayar da shi gida Mahjar. Na kwana biyu ko abinci ba na jin daɗinsa. Na gaya wa matata duk abin da ya faru, na ce ta je ta ba shi haƙuri. Ta je ta dawo ta ce ya yi shiru kawai. Na ce shi ke nan, ɗan mutuncin da nake taƙama da shi na zubar a teku.

Ranar Laraba ina wurin aiki wayata ta yi ƙara. Lambarsa ce, wadda bai taɓa kirana da ita ba. Na miƙe tsaye kamar yana ganina.

"Ya kabtin," in ji shi, "jibi akwai fita?"

Na fara kame-kamen ban haƙuri, ya katse ni.

"Bar wannan, ya waladi, ɗana. Tun da uwar matarka ta rasu kowa lallaɓa ni yake yi. Sannu Baba, huta Baba, kada ka ɗaga Baba, kamar ni ma an gama da ni. Ita kaɗai ce take ɗaga mini murya ta ce tashi ka yi kaza. Ran nan da ka ce in goge gilashi, sai na ji ashe har yanzu akwai abin da ake bukatata in yi." Na ji yana jan hanci. "Ka zo ka ɗauke ni bayan Juma'a. Matar taka kuma ka bar ta a gida, ba ta da cikin ruwa."

Mun yi ta fita tare har ƙafafunsa suka gaza. A tudu ba abin da ya canja, ina durƙusawa, yana cewa madalla. Amma da zarar na kwance igiya sai ya zama mai kula da gilashi da tagogi, yana mita in na yi kuskure, ina mayar masa. A can ya ba ni labarin ƙuruciyarsa da yadda suka haɗu da marigayiya, abubuwan da ko 'ya'yansa ba su sani ba.

Har gobe ina ganin kunyar surukai abu ne mai kyau, kuma ina koya wa 'ya'yana ita. Sai dai na daɗe ina ɗaukan shiruna a matsayin girmamawa, ban taɓa tambayar kaina yadda shirun yake ga wanda aka bari shi kaɗai a cikinsa ba. Yanzu da ya rasu, durƙuson ba ya faɗo mini a rai. Faɗan da muke yi a kan wa ya bar taga a rufe nake kewa, Allah ya jiƙansa.