Inna ta ce ita ta gaji

Yau da safe na tsaya a bakin fadamar Wurno ina haki, hannuna dafe da ƙirji. Wata biyu ke nan da ciwon zuciya ya kwantar da ni asibiti. Likita ya ce damuwa ce ta yi mini yawa, in riƙa takawa kullum.

Mahaifiyata na biye da ni, tana dogara sanda.

Na ce, "Inna, in ciwon ga ya dawo fa?"

Ta ce, "Mi nis sani, Bello? Sani sai Allah. Amma ba za shi iske ka kai ɗai ba."

Sai ta zauna gindin mangwaro, wai ta gaji, mu huta. Na san ni take hutarwa.

Tsoron bai tafi ba, amma ya yi sauƙi. Ku fa, wa ya zauna da ku ranar da jiki ya ƙi?