Dawaki Saba'in a Lungun Coal Camp

Ana sallame sallar asuba ranar Juma'a muka bar Fatakwal, mu biyu a gaban wata akori-kura ta aro. A baya akwai inji, mun ɗora shi a kan tsohuwar taya, mun ɗaure, mun lulluɓe da tamfol. Abokin tafiyata mai gyaran wayar mota ne, mutumin kudancin Kaduna, shekara goma muna gareji ɗaya. Shi ke tuƙi, ni kuwa ba ni da aiki sai waiwaye.

Ga waɗanda ba su san zancen ba, injin na Baba ne, ubangidana da ya koya mini kanikanci a Coal Camp ta Inugu. Tun yana saurayi ya sayi wata 'yar motar tsere ta Japan, mai kujera biyu, a hannun wani injiniya da zai koma ƙasarsu. Injinta bai kai lita ɗaya ba, amma takardarta ta ce ƙarfin doki saba'in ne da shi. Shekara uku da suka wuce Baba ya cire shi ya ba ni in sake masa ringi da fistin. Na ce to, na tura shi ƙarƙashin benci, na ci gaba da gyaran manyan motoci masu kawo na cefane. A cikin shekarun nan ne idon Baba ya tafi.

Sai ga wayar babban ɗansa. An sayar da filin garejin, kuma motar tana can ƙasan wani lungu da gine-gine suka matse. Lungun hawa ne, ga kwana a tsakiya, janwe ba ta shiga, igiya ba ta yi. Sun gwada turawa, motar ta sulalo baya saura ƙiris ta karya ƙafar mutum. Ya ce idan ba ta fita da ƙafarta ba kafin la'asar ɗin Asabar, 'yan gwangwan za su yanka ta a auna a kilo. Kwana tara na yi a kan injin, na haɗa komai, sai abu ɗaya ya gagara. Kafireta huɗu ne da shi, ɗaya ta tsage, kuma duk Fatakwal babu wanda ya taɓa ganin irinta.

Hanyar Owerri ba ta ba mu wahala ba sai wajen shingaye. A na uku wani jami'i ya ɗaga tamfol, ya ce ina takardar inji. Na miƙa masa tsohon littafin motar, takardunsa sun yi ja sun yi laushi. Ya durƙusa yana neman lamba a jikin ƙarfe, ni kuwa gumi ya jiƙa mini riga, domin in aka riƙe mu ko na wuni ɗaya ne, magana ta ƙare. Da ya ga lamba ta dace sai ya yi dariya ya ce da Turancin buroka, "Oga, na generator be dis?", wato wai injin janareta ne? Na ce eh, kusan haka ne. Ban ga amfanin gardama ba.

Mahaɗar Upper Iweka ta Anacha ta cinye mana fiye da awa guda. Tireloli da manyan bas masu zuwa Arewa sun cushe, okada na ratsa tsakani, masu tallan burodi suna buga mana gilashi. Da ƙyar muka samu Juma'a a masallacin unguwar Hausawa ta Anacha, abokina yana zaune a mota yana gadin inji. Bayan sallah na sayo mana tuwo da miyar kuka a wurin wata dattijuwa. Kuɗin da a da zai ƙosar da mutum biyu, yanzu malmala ɗaya ce, ita ma ta rame.

Kasuwar kayan mota kuwa gari ce guda. Shago bayan shago ina nuna kafireta, ana juya ta, ana girgiza kai. Kowa shawararsa ɗaya, irin wadda mu ma muke ba mutane kullum: a jefar da wannan, a ɗora babban inji na Belgium, wato kwancen Turai, a huta. Wani har ya rantse zai ba ni mai ƙarfin doki ɗari da hamsin. Ban tsaya yi masa bayani ba cewa Baba ba mota mai tafiya yake so ba, motarsa yake so. Rana ta karkata, ƙafafuna sun yi nauyi, na fara shirya abin da zan faɗa a waya. Abokina ne ya karɓi kafiretar ya dube ta da kyau, ya ce wannan ai ƙirar babur ce, me muke yi a layin motoci? Muka koma layin babura. A can wani tsohon ɗan kasuwa ya zazzage buhun tarkacen manyan babura na da, muka tsuguna muna tona har na ga mai kama da ita. Bakinta ya ɗan fi faɗi, amma na biya ban ko yi ciniki ba.

Mun shiga Inugu daf da magariba, muka sauka a gidan babban ɗan a Ogui. Baba yana kan tabarma. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi iyali da mutanen Fatakwal ɗaya bayan ɗaya, bai ce uffan a kan shekara ukun ba. Da ya zage ni da na fi jin daɗi. Ya ce a kai shi wurin inji, ya shafa shi tun daga sama har ƙasa, ya koma ya zauna.

Da sassafe muka karya da okpa mai zafi, alalen gurjiya na mutanen garin, muka gangara Coal Camp. Motar tana nan a ƙarƙashin rumfa, jan fentinta ya koɗe, ɓeraye sun yi gida a kujera. Muka ɗaga inji da sarƙa muka zura. Abokina ya shiga cikin wayoyi, ni na kama birki da kuloci. Tun kafin azahar 'yan gwangwan suka iso da tukunyar gas ɗinsu, mutanenmu ne, muka gaisa lafiya lau, suka sami inuwa suka zauna suna kallonmu. Ban taɓa jin haushin mutum mai haƙuri ba sai ranar.

Ƙarfe uku ta wuce kafin mu ɗaura batir. Na murɗa makulli, inji ya yi tari, ya mutu. A karo na huɗu ya kama. Baba ya ce a sa shi a kujerar gefe. Ɗansa ya ce, "Baba, da ka bari ta fita tukuna, hawan nan ba shi da kyau." Baba ya ce, "Da ni ta shigo lungun nan, da ni za ta fita."

Na sa giya ɗaya muka fara hawa, madubi na gogar bango. Kafin kwana injin ya fara ƙara, wata siririyar ƙara mai shiga haƙori. Shekara ashirin ina gyaran motocin dizal, kuma a wurinmu in inji ya yi irin wannan kuka to wahala yake sha, sai a tausaya masa. Ƙafata da kanta ta saki totur, hannuna ya jefa giya biyu. Nan take ƙarfi ya zube, inji ya mutu, mota ta fara komawa baya. Na danne birki da iya ƙarfina, matan lungun suna salati, muka tsaya saura taki ɗaya mu daki katangar mutane.

Baba bai ko motsa ba. Ya ce, "Allurar juyin inji tana kan nawa ka sake ta?"

Na ce, "Uku da rabi, Baba."

Ya ce, "Kai, wannan ba gingimari ba ce. Ƙaramin inji ba shi da komai a ƙasa, dawakinsa duk suna sama. Kukan da ka ji, lokacin ta fara aiki. Ka bar ta a giya ɗaya, kada ka ɗaga ƙafa sai na ce."

Muka sulala ƙasa a hankali. Ladanin masallacin unguwa ya fara gyaran lasifika don kiran la'asar, ɗaya daga cikin 'yan gwangwan ya miƙe yana kaɗe wando. Na yi bisimilla na taka. Allura ta wuce huɗu, ta wuce biyar, ƙarar ta cika lungun, duk jikina yana cewa injin nan zai tarwatse. Baba ya dafa gwiwata ya danne. Wajen bakwai sai na ji kujera ta tokare mini baya, motar ta zabura, muka sha kwana, muka fito kan kwalta. Abokina ya biyo mu a guje yana ihu da hula a hannu.

Na tsaya ban kashe ba. Baba ya sunkuyar da kai yana saurare, hawaye na bin gemunsa. Can ya ce, "Kafireta ta ukun ba tata ba ce, tana shan iska." Na ce a Anacha muka samo ta. Ya ce ba komai, gobe sai a daidaita. Sannan ya juyo wajena ya ce, "Har yanzu ja ce?"

Na ce masa ja ce.

Ranar Lahadi muka biyo ta Aba muka dawo Fatakwal lafiya, bayan akori-kura babu komai sai tsohuwar taya. Na koyi cewa ba kowane inji ake aunawa da kunnen dizal ba, kuma na gode wa Allah da mota ta tsira. Amma tun daga Inugu har gida abin da ke cina daban ne. Aikin kwana tara ne kacal. Da na yi shi a shekarar da Baba ya ba ni, da ba sai ya tambaye ni launin motarsa ba.