Famfo Na Bakwai

Shekara arba'in da ɗaya Hatsue ta yi tana zaune a ƙofar gidan wankan unguwarsu a Osaka, tana miƙa wa mutane tawul. Ba ruwanta da agogo. Da ta jiyo Genzo, tsohon masaƙin tabarma, ya fara rera 'yar waƙarsa a famfo na bakwai, ta san ƙarfe huɗu ta yi, ta kuma san tsohon ya tashi lafiya. Shi kaɗai yake zaune, ba mata ba ɗa.

Rentaro Kuwabara ne ya ja mata fitina. Yaron da ake kawowa wanka yana jan majina, yau kiɗan da ya tsara ne a kanti, a waya, har a tashar jirgin ƙasa. Aka tambaye shi a talabijin inda ya samo kiɗan da ya ɗaukaka shi, ya ce wai a famfo na bakwai ya zo masa. Sai ka ce daga rufin ɗaki ya faɗo. Hatsue da kunnenta take jin sautin nan a bakin Genzo tun Rentaro bai iya cuɗa bayansa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Daga ranar gidan ya koma kasuwa. Samari su jeru, kowa da ɗan tawul a ka, suna jiran famfo ɗaya, ga sauran famfuna ashirin a banza. Wanda ya samu ya lumshe ido yana jiran waƙa ta sauko masa, ko sabulu ba ya taɓawa. Wasu ma su faɗa kwamin ruwan zafin da jama'a ke jiƙa jiki a ciki ba su wanke jiki ba.

Ta kan ɗaga murya ta ce, "Ku 'yan nema, a gidanku haka ake shiga da dauɗa?"

Rannan Genzo ya yi jiran awa guda kafin ya samu wurinsa. Ya fara rerawa ke nan, wani saurayi ya rusuna masa cikin ladabi. "Baba, yi haƙuri, ba haka waƙar take ba. Ƙarshen sama yake yi."

Genzo ma ya rusuna, ya ba da haƙuri. Kwana tara bai dawo ba.

Takaici ya hana Hatsue cin abinci. Ta ɓalle lambar bakwai ta manna ta a famfon lungu, mai ruwan sanyi ƙarara, sannan ta wuce gidan tsohon. Ta tarar yana ɗumama ruwa a tukunya.

"Tsoho, mutuwa ka yi ba ka gaya min ba? Wurinka na nan, ba kowa."

"Kar in ɓata wa yara waƙarsu."

"Waƙarsu? Gobe ƙarfe huɗu, kar in sake takowa."

Ya zo kuwa. Samari na can lungu suna makyarkyata. Hatsue ta ajiye tawul ta kasa kunne. Ta ji ya ja kujera, ta ji zubar ruwa. Genzo ya yi wankansa tsaf, ya fito ya yi mata godiya, bai rera komai ba.